Me ya sa ake yanke layin dogon da aka riga aka gama? Sharhi kan jinkirin Maverick

Ranar 8 ga Mayun 2007, saura kwana huɗu a buɗe ƙofa ga jama'a, masu filin wasanni na Cedar Point da ke garin Sandusky a jihar Ohio ta Amurka suka fito suka ce sabon jirgin lilonsu mai suna Maverick ba zai ɗauki kowa ba a ranar da suka yi alkawari. An gama kafa ƙarafa, an shafa fenti, an kwashe watanni ana talla, an kashe dalar Amurka miliyan 21, abin da ya kai kimanin miliyar 10 na sefa a canjin wancan lokacin. Duk da haka suka ce sai an kwance guntaye uku na layin dogon, kowanne mai tsawon kusan mita 12, an sa wasu. Ranar 12 ga wata ta zo ta wuce ba wanda ya hau. Sai ranar 26 ga Mayu aka fara ɗaukar mutane.

Jirgin lilo, ga wanda bai taɓa ganin hotonsa ba, ƴan taragu ne marasa rufi da ke gudu a kan dogon ƙarfe wanda aka lanƙwasa da gangan: ya hau sama, ya gangaro, ya sha kwana, wani lokaci ya kifar da mutane kai ƙasa ƙafafu sama, sannan ya dawo inda ya tashi cikin minti biyu ko uku. Yamai ba ta cikin garuruwan da ake ambata idan ana lissafin manyan jirage irin waɗannan. Amma bidiyonsu na yawo a wayoyinmu, kuma duk fadar da aka kalli ɗaya sai gardama ta tashi kafin shayi na biyu ya nuna. Na ji wani matashi, da aka ba da labarin Maverick, yana ce wa babban cikinsu: "Yaya, aikin da sai an yanke shi bayan an gama, ai tun farko ba a iya ba." Da yawa daga cikinmu haka za su yanke hukunci. Ni dai ina ganin wannan yankan shi ne alamar an iya aikin, amma da wani sharaɗi mai nauyi da zan kawo a gaba.

Jirgin lilo ba shi da inji a jikinsa, ba shi da direba. Ana jan shi sama da sarƙa, ko a harba shi da ƙarfin maganaɗisu, daga nan sai ya ƙarasa tafiyarsa da abin da aka ba shi. Babu mai rage gudu idan ya hango kwana mai tsanani. Saboda haka duk abin da zai sami jikin fasinja an riga an ƙaddara shi a cikin siffar ƙarfen tun daga masana'anta. Idan siffar ta yi kuskure, kuskuren zai maimaita kansa a kowane zagaye, ɗaruruwan lokuta a yini, ba fashi.

Abin da injiniyoyi ke aunawa shi ne nauyin da jiki ke ji, ana lissafa shi da ninkin nauyin mutum. Kana zaune a kujera kana jin ninki 1. Idan jirgi ya shiga kwana ko ƙasan gangara, kujera na tura ka don ta canza maka hanya, sai ka ji ka yi nauyi. Lissafin ba shi da wuya: a ninka gudu da kansa, a raba da faɗin kwanar. Jirgin da ke gudun mita 30 a sakan, wato kilomita 108 a awa, idan ya shiga kwanar da ke da mita 30 daga tsakiyarta zuwa dogo, kwanar kaɗai za ta ɗora wa fasinja kusan ninki 3. A matse kwanar ta koma mita 15, ninkin ya zama 6. Gudu kuwa ya fi mugunta, don idan ya ninka sau biyu, nauyin sau huɗu yake ninkawa. Mai kilo 70 a ninki 5 yana danna kujera da nauyin kilo 350, jininsa kuma, wanda shi ma ya yi nauyi sau biyar, yana gangarawa ƙafafu. Zuciya sai ta kasa tura isasshe zuwa kai. Gani ke fara dusashewa, launi ya ɓace, gefe-gefe ya yi duhu, idan abin ya daɗe mutum ya suma.

Tsawon lokacin ma abin lura ne. Jiki na ɗaukar ninki mai yawa na ƙiftawar ido, amma ba ya ɗaukar matsakaici idan ya ja sakanni. Sai kuma ta inda turin ya fito: wanda ya danna mutum cikin kujera ya fi sauƙi, wanda ya fizge shi gefe ko ya ɗaga shi sama jiki ba ya jure shi sosai, wuya da kafaɗa ke biya. Akwai kuma saurin da nauyin ke canzawa, domin fizga ta farat ɗaya ta fi cutarwa a kan turin da ya zo sannu a hankali ko da girmansu ɗaya. Ƙa'idojin da ake aiki da su, ASTM F2291 a Amurka da EN 13814 a Turai, sun sa iyaka ga kowane ɗaya daga cikin waɗannan.

Da wahala aka koyi wannan ilimin. A 1895 aka buɗe Flip Flap Railway a Coney Island ta birnin New York, mai zobe da ke kifar da mutane. Zoben cikakkiyar da'ira ne, kuma don jirgi ya kai samansa dole ya shiga ƙasansa da gudu mai yawa. Fasinjoji sun riƙa shan abin da aka ƙiyasta ya kai ninki 12, suna sauka da ciwon wuya. Jama'a suka guje shi. A 1976, a jirgin Revolution na Kalifoniya, Bajamushen maƙeri Anton Schwarzkopf da injiniya Werner Stengel suka fito da zobe mai siffar ɗigon ruwa, faffaɗa a ƙasa inda gudu ya yi yawa, matsattse a sama inda gudu ya ragu. Irin wannan lanƙwasa mai shiga sannu-sannu ita ce injiniyoyin hanyar mota da na jirgin ƙasa ke sakawa a bakin kowace kwana.

Stengel ɗin nan shi ne ya zana Maverick, kuma shi ne jirgi na 500 da ofishinsa na birnin Munich ya lissafa. Kamfanin Intamin ya ƙera. Na kawo wannan ne don a san waɗanda aikinsu ya buƙaci gyara ba ƴan koyo ba ne.

Ga yadda tafiyar take. Maganaɗisu na tura jirgi sama har mita 32, ya gangaro a kusurwar digiri 95, wato ya ɗan wuce tsaye ya shige ciki. Bayan ƴan kwanoni da juyi biyu, sai ya shiga wani rami a ƙarƙashin tasha inda ake sake harba shi har kilomita 110 a awa. Dogon gaba ɗaya mita 1,356 ne. Guntun da ya kawo matsala yana bayan wannan harbi na biyu, kusa da ƙasa, inda jirgi ke da sauran gudu mai yawa. A nan aka tsara ya mirgina cikakkiyar mirgina, kamar yadda ake juya sanda a hannu ba tare da ta canza inda ta nufa ba.

Wannan mirgina tana da wata dabara da Stengel ya yi fice a kanta. Maimakon fasinja ya zagaya dogo, dogon ne ke zagaya fasinja. Ana zana wani layi a iska daidai ƙirjin mai zaune, a bar shi ya tafi kusan miƙe, sai a murɗa ƙarfen a kewayensa. Ta haka kai da ƙirji ba sa shan wurgi. Sai dai wani abu dole ya ɗauki wahalar da aka ɗauke wa ƙirjin, kuma abin nan shi ne ƙafafun jirgi, wato tayoyinsa, da ƙarfen da ke riƙe da su, don su ne ke yin babban zagayen. Kowace ƙafa ta jirgin lilo ƙafa uku ce a haɗe: ɗaya a saman dogo, ɗaya a gefensa, ɗaya a ƙarƙashinsa don kada tarago ya tashi, dabarar da John Miller ya yi wa rajista tun 1919. Ƙari a kan haka, jirgin na da tsawo. Tarago na farko ya shiga murɗa, na uku bai iso ba, mahaɗar da ke tsakaninsu ita ke shan bambancin. A gudu kaɗan wannan ba komai ba ne. A gudu mai yawa sai mirginar ta auku cikin ɗan lokaci ƙanƙani, turi ya yi tsanani. Abin da gwaji ya nuna ke nan: juyin ya yi ƙarfi da yawa, yana kuma ɗora wa taragun nauyin da ya wuce kima.

Mutum zai ce ai jirgin bai karye a gwaji ba. Haka ne. Ƙarfe ba ya karyewa a rana ɗaya, gajiya yake yi. Ka lanƙwasa waya sau ɗaya ba abin da zai same ta, ka yi ta kai da kawowa a wuri guda sai ta tsinke a hannunka. Ƙaramar tsaga ke farawa a bakin walda ko gefen ramin noti, ido ba ya ganinta, kowane zagaye ya ƙara mata kaɗan. Ɗan ƙarin nauyi na iya rage rayuwar ƙarfe da yawa fiye da yadda hankali zai ɗauka. Jirgin da zai wuce gwajin mako guda lafiya lau yana iya kasawa a shekara ta uku, cike da mutane.

To me ya sa kwamfuta ba ta hango ba? Wannan ita ce tambayar da ta fi cancanta, kuma amsarta ba ta wanke kowa gaba ɗaya. Kwamfuta na lissafi ne da abin da aka gaya mata: nauyin jirgi kaza, gogayyar ƙafafu da dogo kaza, iska kaza. Kowane ɗaya ƙiyasi ne mai kyau, amma ƙiyasi ne. Robar ƙafafu na canza hali da zafi. Man giris na yin kauri da sanyin safiya ya saki da rana, shi ya sa jirgi ɗaya ke gudu da yamma fiye da safe. Dogon kansa bututun ƙarfe ne da aka lanƙwasa guntu-guntu aka yi masa walda, aka ɗora a kan ɗaruruwan ginshiƙai, kuma bambancin milimita kaɗan a nan da can na taruwa. Gangar jikin tarago ma tana ɗan lanƙwasawa a inda lissafi ya ɗauke ta a matsayin sandararren abu. Idan zane ya tsaya nesa da iyaka, waɗannan ƙananan bambance-bambance ba sa komai. Idan an matsa kusa da iyaka don a burge jama'a, su ne ke tsallakar da shi. Laifin masu zanen Maverick, idan laifi ne, shi ne sun matsa kusa da yawa a wuri guda.

Shi ya sa ake gwaji kafin a ɗauki ɗan Adam. Ana fara jan tarago a hankali ɗauke da wani faffaɗan katako mai girman inda hannun dogon mutum zai iya kaiwa, don a tabbatar ba zai taɓa ginshiƙi ko bango ba. Sannan a cika kujeru da mutum-mutumin roba masu ruwa a ciki, a liƙa na'urorin awo a kujeru da jikin ƙarfe, a yi ta saki, a cike da kuma babu kowa, da sanyi da zafi. Wanda ya gina waɗannan matakai ya san wata rana za su ce a'a. Gwajin da ba zai taɓa iya cewa a'a ba, biki ne kawai.

Da awo ya ce a'a, hanyoyin da ke gaban mai wuri ba su da yawa. Zai iya sa birki a rage gudu, wannan ya fi arha, amma yana kashe armashin duk abin da ke gaba, kuma idan an rage da yawa jirgi na iya kasa hawa tudu na gaba ya tsaya a tsakiya. Zai iya ƙarfafa taragu, sai dai nauyinsu ya ƙaru, lissafin dogon duka ya canza, a ɗauki watanni. Zai iya cire guntun. Ko kuma ya buɗe ya yi shiru, ya riƙa canza ƙafafu da dare. Cedar Point ta cire guntun, ta sa kwana mai siffar S a madadinsa. Maverick ya rasa juyi ɗaya daga cikin ukun da aka tallata, har abada. Canjin ba kwance noti a ɗaura wani ba ne kawai: sabon guntun dole ya karɓi jirgi a daidai tsayi da karkatar da tsohon ya karɓa, ya miƙa shi a daidai inda na gaba ke jira, ya kuma zauna a kan tushen sumuntin da aka riga aka zuba. Bayan haka a sake gwaji daga farko. Duk da wannan yanka, Maverick ne ya lashe kyautar Golden Ticket ta sabon jirgin da ya fi kowane a 2007.

A kuma tuna wurin nan ba ya aiki duk shekara. Yana bakin tafkin Erie, inda sanyin hunturu ke rufe shi, daga Mayu zuwa ƙarshen Oktoba yake neman kuɗin shekara. Kwana 14 a farkon kaka ba ƙaramar asara ba ce. A 2024 ma wurin ya sha wadda ta fi ta: jirgin Top Thrill 2, mai tsayin mita 128, an buɗe shi ranar 4 ga Mayu, bayan kusan mako guda aka rufe don gyaran taragu, bai sake ɗaukar kowa ba sai Mayun 2025.

Akwai waɗanda suka buɗe tukuna suka gyara daga baya. Intimidator 305 na jihar Virginia, shi ma ƙirar Intamin, ya fara aiki a Afrilun 2010 da tsayin mita 93 da gudun kusan kilomita 145 a awa. Kwanarsa ta farko, a ƙasan babbar gangara, ta riƙa dusashe ganin mutane, wasu har su suma na ɗan lokaci. Aka sa birki a gangarar don a ƙarasa kakar, da hunturu ya zo aka sake ƙera kwanar aka faɗaɗa ta. An gyara, amma jikin fasinjoji masu biyan kuɗi ne ya yi aikin da ya kamata na'urar awo ta ƙarasa.

Sharaɗin da na ambata shi ne wannan: jinkiri da canjin dogo, su kaɗai, ba shaida ba ne ta lafiya. A birnin Kansas an gina Verrückt, silalen ruwa mai tsayin mita 51, mafi tsayi a duniya a lokacinsa. A gwaji, kwale-kwalen roba da aka loda wa buhunan yashi sun riƙa tashi sama suna barin hanya. Aka ɗage buɗewa sau da dama, aka sake siffar gangarar, aka shimfiɗa raga a sama a kan bakunan ƙarfe, aka buɗe a Yulin 2014. Daga nesa labarin ya yi kama da na Maverick. A watan Agustan 2016 kwale-kwale ya tashi da yaro ɗan shekara 10, ya bugi abin da aka kafa a saman, ya rasu nan take. Takardar tuhumar da aka shigar a 2018 ta yi zargin cewa masu zanen ba su da horon injiniya na irin wannan aiki. Alƙali ya yi watsi da tuhumar a 2019 saboda irin shaidun da aka nuna wa masu taya shari'a. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne dokar jihar a lokacin ta bar wa masu wurare nauyin duba kayansu, sai bayan mutuwar yaron aka tsaurara ta a 2017, silalen kuma aka rushe shi. Bambancin labaran biyu a nan yake: a Ohio an cire abin da ke haifar da turin, a Kansas kwale-kwale bai daina iya tashi ba, an dai kafa abin da zai tare shi. Idan na ji an ce an jinkirta don gyara, abin da nake son sani shi ne wa ya auna, wa ya sake aunawa bayan gyara, kuma shin mai sa hannun yana cin albashi a hannun mai wurin ne.

Mu a nan mun san nauyin ranar biki. Da zarar an sanar da rana, an gayyaci manya, an ɗinka anko, ranar takan fi aikin ƙarfi. A Afrilun 2014 aka ƙaddamar da tashar jirgin ƙasa ta Yamai, a Janairun 2016 aka yi bikin layin Yamai zuwa Dosso, kimanin kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa. Duk mai bin hanyar Dosso yana ganin ƙarfen a gefen titi, ba jirgin da ke jigilar fasinja a kansa. Dalilan wannan daban ne, na shari'a ne da kuɗi da rashin haɗewa da layin Benin, ban kuwa kawo shi don in ce iri ɗaya ne da filin wasa ba. Na kawo shi ne domin ya koya mana a aikace cewa yanke ƙyalle abu ne guda, aiki ya fara yi wa mutane amfani lafiya abu ne daban. Ga mai filin wasa a garinmu, ranar da ba ta ɗaguwa ita ce Sallah. Wanda ya ga yadda yara ke cika gidan tarihi na Bubu Hama a kwanakin Sallah ya san cewa mai lilo na iya samun cinikin watanni a cikin kwana uku. Wanda zai ce masa a jajibiri "Alhaji, wannan ba za ta ɗauki yara gobe ba" yana buƙatar ƙarfin da ya wuce na ladabi.

Kuma da wuya wanda zai kawo mana jirgin lilo ya sayo sabo fil. Kasuwar gwanjonsu babba ce. Wani jirgi mai zobe uku da Schwarzkopf ya ƙera a 1984 ya yi yawon bukukuwa a Jamus, ya koma Malesiya, ya koma Ingila, ya sauka a birnin Meziko da sunan Quimera. A Satumban 2019 taragonsa na ƙarshe ya fita daga dogo, mutum biyu suka mutu, bincike ya nuna gazawar kula da gyara. Jirgin da ya tsufa yana zuwa da gajiyar ƙarfensa, kuma idan ya zo ba tare da zanensa na asali da littafin tarihin gyaransa ba, ba wanda zai iya cewa ga yawan rayuwar da ta rage masa.

Yanayinmu ma na canza lissafi. Ƙarfe na miƙewa da zafi, kimanin kashi 12 cikin miliyan a kowane digiri. Tsakanin asubar watan Janairu da tsakar ranar Afrilu, lokacin da iska kanta ke wuce digiri 40 kuma ƙarfen da ke rana ya fi ta zafi, bambancin digiri 40 ba abin mamaki ba ne. A dogo mai kilomita guda wannan kusan rabin mita ne, wanda kwanoni da ginshiƙai za su shanye. Jirgi kuma na ƙara gudu da zafi, kuma ƙarin kashi 5 cikin 100 a gudu yana zama kusan kashi 10 a nauyin da ke kan ƙafafu da wuyan fasinja. Robar ƙafafu na laushi. Ƙurar hunturu na shiga giris ta mai da shi abin goge ƙarfe, ta kuma rufe idon na'urorin da ke gane inda kowane jirgi yake. A Abu Dabi, masu hawa Formula Rossa mai gudun kilomita 240 a awa sai sun sa tabarau saboda yashi da ƙwari. Takardar gwajin da aka sa wa hannu a Turai ba ta yi magana a kan Yamai a watan Mayu ba, ballantana Tawa. Dole a sake awo a nan, a lokacin zafi.

Ɗaukewar wuta, abin da kowa zai fara tunani, ita ce mafi sauƙi idan ƙirar ta gaskiya ce. Birkin maganaɗisu ba ya buƙatar lantarki, birkin matsi kuma ana ƙera shi ta yadda rashin wuta ke rufe shi, a kan tudun hawa akwai haƙoran da ke hana jirgi komawa baya. Abin da ya rage shi ne yadda za a sauko da mutane daga mita 30 a tsakar rana, kuma wannan atisaye yake so tare da ƴan kwana-kwana kafin ranar farko.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kayan gyara. Muna da masu walda masu basira, duk wanda ya zaga kasuwar Katako ya ga abin da hannunsu ke fitarwa daga tarkacen ƙarfe. Wannan basirar ce za ta sa mai wuri ya ce me zai sa a jira wata biyu kaya su zo daga waje, alhali malam wane zai ƙera irinsa kafin la'asar. Ga abin da ya faru a Suwidin, ƙasar da ba ta rasa ƙwararru ba. A Yunin 2023 jirgin Jetline na birnin Stockholm, wanda ke aiki tun 1988, ya yi hatsari, mace ɗaya ta mutu, mutum tara suka ji rauni. Hukumar binciken hatsari ta ƙasar ta gano cewa hannun ƙarfen da ke riƙe ƙafafu, wanda aka ƙera a madadin na asali, bai kai ƙarfin da ake buƙata ba, waldarsa na da naƙasu, kuma ba a gindaya wa maƙeran sharuɗɗan da suka dace ba. A ido kayan ya yi daidai. Walda irin wannan sai an leƙa cikinta da na'urar sauti ko garin maganaɗisu. A shekarar dai, a filin wasanni na Carowinds da ke jihar Karolina ta Arewa, wani baƙo ne ya ɗauki bidiyon ginshiƙin jirgin Fury 325 da ya tsage yana motsi duk lokacin da jirgi ya wuce. Aka rufe fiye da wata guda aka canza ginshiƙin.

Ba mu rasa inda za mu fara ba. Akwai hukumar ANMC mai kula da ƙa'idoji da awo, akwai jami'an kare fararen hula, akwai injiniyoyin da makarantar EMIG da jami'o'inmu ke yayewa. Abin da nake fata shi ne a tsara tun kafin babban jirgi na farko ya iso: kada a ba kowane lilo mai inji izini, babba ko ƙarami, sai ya zo da zanensa da littafin gyaransa, mai duba ya kasance ba ɗan albashin mai wuri ba, a sake awo bayan kowane canji ga dogo ko tarago, a liƙa takardar duba ta ƙarshe a bakin ƙofa inda uwa za ta iya karanta kwanan watanta kafin ta biya. Horar da mutum biyar ko shida a kan binciken walda ba ya cin ko kusa da kuɗin da aka kashe a kan Maverick.

Sai yaron da ke zaune a gaban maɓalli, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Shi ne zai fara jin sabuwar ƙara a ƙafa, shi zai ga maƙullin kujera na sassautawa. Idan ladansa na yini ya rataya a kan yawan zagayen da ya yi, ko ya san tsayar da lilo a ranar Sallah na iya raba shi da aikinsa, zai ji ƙarar ya ƙara sautin kiɗa. A biya shi albashi tsayayye, a rubuta a takardar aikinsa cewa yana da ikon tsayarwa ba sai ya nemi izinin kowa ba, a kuma ba shi lambar mai duba da zai kira kai tsaye.